Sauya Manhajar Injin Dizal Domin Ƙara Masa Ƙarfi

Injin dizal na zamani yana aiki ne ƙarƙashin kulawar wata ƙaramar kwamfuta da ake kira ECU, wadda ke ƙayyade yawan man da ake fesawa cikin silinda, da lokacin fesawar, da yawan iskar da tarbo, wato na'urar da ke danna iska cikin injin, za ta tura. Tun da tsarin fesa mai na Common Rail ya shiga ƙananan motoci a 1997, akasarin waɗannan ma'aunai sun koma cikin manhaja, shi ya sa gwani kan jona kwamfutarsa da kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari ya sake rubuta su ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba.

Kamfanoni kan bar rara da gangan domin injin ya jure zafi da gurɓataccen mai, kuma wannan rarar ce ake cinyewa idan aka ƙara mai da iska. Ƙarfin ja yana ƙaruwa, amma zafin salansa yana hauhawa, kuloci da giya suna saurin gajiya, kuma idan mai ya rinjayi iska sai baƙin hayaƙi mai cutar da huhu ya turnuƙe hanya. Saboda haka wajibi ne a gwada injin a kan na'urar auna ƙarfi kafin sauyin da bayansa.