Faifan Kiɗan Ƙarfe da Rubutun da Ke Gindin Tambari

A wasu tsofaffin gidajen malamai da ma'aikatan gwamnati a Keffi har yau akan tarar da dogon akwatin katako a kusurwar falo, an lulluɓe shi da mayafi, an ɗora masa hotuna. Rediyo ne haɗe da na'urar juya faifai. In aka buɗe ƙofarsa ta ƙasa, sai ga faya-fayai a jere: na Mamman Shata, na Ɗan Maraya Jos, na Fela, jefi-jefi kuma da wani mai baƙin bango da hoton Turawa masu dogon gashi. Garin da ke da Kwalejin Gwamnati wadda aka kafa a 1949 bai rasa 'yan boko masu zuwa Jos, Kaduna da Legas, ko Ingila karatu, su dawo da irin wannan tsaraba ba. Wancan baƙin faifan, wanda jikoki ke ɗauka su yi fifita da shi, shi ne abin da masu tarawa a faɗin duniya ke farauta.

Kuskure na farko da ya kamata a kawar shi ne kiran kowane faifai "faifan garmaho". Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne! Faifan garmaho na asali yana juyi 78 a minti guda, yana da nauyi, in ya faɗi ya fashe kamar tangaran, kuma gefensa ɗaya bai cika wuce minti uku ko huɗu ba. Wanda ake magana a kansa a nan na roba ne. Kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, faɗinsa inci 12, yana juyi 33 da sulusi, gefe guda yana ɗaukar minti 20 da 'yan kai. Duk wanda ya ɗora masa allurar ƙarfe ta garmaho ya kashe shi a juyin farko.

Kuskure na biyu ya fi yaɗuwa: wai kiɗan da ke cikin wancan baƙin faifan, wato heavy metal, wanda za a iya kira kiɗan ƙarfe, daga Amurka ya fito. Daga Birmingham ya taso, birnin maƙera da masana'antu a tsakiyar Ingila, kuma labarinsa ya soma ne da haɗari a wurin aiki.

Tony Iommi yana ɗan shekara 17, yana aiki a masana'antar yanka farantin ƙarfe. Ya riga ya yanke shawarar barin aikin ya kama kiɗa. A ranarsa ta ƙarshe inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi bahago ne, don haka da hannun daman yake danne tsirkiyar jita. Kowa ya ɗauka shi da kiɗa sun yi bankwana. Sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da wuta ta lalata wa yatsu biyu amma bai fasa kiɗa ba. Iommi ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun hula, ya manna musu fata. Ya nemi siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafin dannawa. Duk mai kaɗa gurmi ko kuntigi ya san abin da ke faruwa in aka sassauta tsirkiya: murya takan yi ƙasa, ta yi kauri. Wannan kaurin ne ya cika faifai na uku na ƙungiyarsu, Master of Reality, a 1971. Ƙungiyar tasu, Black Sabbath, ta ɗauki faifanta na farko cikin yini guda a Oktoban 1969, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. Paranoid ya biyo baya a watan Satumba. Judas Priest ma 'yan yankin ne. Iron Maiden ta Landan ta zo da nata na farko a 1980.

To amma mai tarawa na gaske ba bango yake fara dubawa ba. Yakan zaro faifan, ya karkata shi wajen haske, ya ƙura ido a kan ɗan filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tambari. A nan asirin yake. Akwai lambobi da haruffa ƙanana, wasu an buga su da hatimi, wasu an karce su da hannu. Su ne ke faɗin wane yanka ne, kuma sau da yawa wane gwani ne ya yi shi.

Dalili kuwa shi ne faifai sassaƙa ne. Injiniya ne ke zaune gaban injin da ke yanka siririyar kwari a jikin faranti mai laushi, daga shi a yi mazubin ƙarfe, daga mazubin a matse dubban kwafi. Kiɗa mai kauri yana bukatar kwari mai faɗi, mai faɗi kuma yana cin wuri, saboda haka kowane injiniya da irin hukuncin da yake yankewa. Waƙa ɗaya, hannu biyu, sauti biyu. Mazubi kuma yana gajiya, shi ya sa bugun farko ke da daraja.

Misalin da ya fi kowanne daɗi shi ne faifan Led Zeppelin II na 1969. Robert Ludwig ya yanka bugun Amurka na farko da ƙarfi sosai, har allurar ƙananan na'urori masu araha ta riƙa tsalle daga kwari. Kamfanin Atlantic ya sa aka sake yankawa da sanyin hannu. Yau kwafin da ke ɗauke da haruffa biyu, RL, a wannan fili shi ake rububi, alhali bangonsa bai bambanta da sauran ba ko kaɗan. A Ingila kuma George Peckham yakan karce laƙabinsa, Porky, a faya-fayan da ya yanka, kamar yadda dukawa ke barin alamarsu a jikin fata. Tambari ma shaida ne. Faifan Black Sabbath na farko ya fito a kamfanin Vertigo da lamba VO 6, da zanen baƙi da fari mai murɗewa wanda ke sa jiri in yana juyi. A 1973 aka canza zanen, don haka kwafin Vertigo da ba shi da murɗaɗɗen tambari bugun baya ne, ko me mai sayarwa ya rantse da shi.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wancan zamani. Ginger Baker, makaɗin ganga na ƙungiyar Cream, ya ratso Sahara da mota a 1971, ya yi kiɗa da Fela, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja. Berkley Jones da Laolu Akins, waɗanda suka yi aiki da shi, suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa ƙungiyar BLO, suka fitar da Chapter One a 1973. A shekarar ce kuma ɗaliban Kwalejin St Gregory ta Legas, Ofege, suka yi Try and Love a EMI, ƙarƙashin Odion Iruoje. Jitarsu tana da kaushi da gurnani. Kaset da satar fasaha suka durƙusar da kasuwar a shekarun 1980, sai ga shi a 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattaro irin waɗannan waƙoƙi ya sake bugawa. Mai neman baƙin faifan Turawa a akwatin kakansa zai iya tsallake na gida wanda ya fi shi wuyar samu.

Sai dai a daina cewa duk tsohon faifai dukiya ne. Paranoid an matse shi miliyoyi. Kwafin da ya karce, bangonsa ya sha ruwa, kuɗinsa kaɗan ne. Daraja tana bin bugu, ƙarancin samu da lafiyar faifai, kuma shafin Discogs, wanda aka kafa a 2000, yana nuna kowane bugu da abin da aka saye shi. Kasuwar dai ta farfaɗo: a 2022 an sayar da faifai miliyan 41 a Amurka, CD kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce gaba.

A Keffi maƙiyan faifai uku ne. Zafin Maris da Afrilu yana lanƙwasa roba, musamman a ɗaki mai rufin kwano ko bayan mota. Ƙurar hunturu tana shiga kwari ta zama yashi a bakin allura. Laimar damina tana kawo fumfuna da gara su cinye bango. A jera su tsaye kamar littattafai, kada a kwantar da wani kan wani, a kama su ta gefe, a goge da tattausan ƙyalle ana bin zagayen kwari. Kafin a jona tsohon akwatin nan da wuta, a kai wa mai gyaran rediyo ya duba shi ya sauya allura, domin wadda ta yi shekara 40 a ajiye za ta kankare faifan maimakon ta karanta shi.