Kunun Kanwa da Wankan Jego a Ma'aunin Likitanci

Duk lokacin da aka ta da maganar maganin gida da na asibiti sai ka ga jama'a sun rabu biyu. Wasu su ce abin da iyaye da kakanni suka sha ba ya cutarwa, wasu kuwa su ce duk abin da bai fito daga hannun likita ba guba ne. Nufin wannan takarda shi ne a ajiye wannan jayayya a gefe, a ɗauki al'ada guda ɗaya wadda aka daɗe ana bincike a kanta, watau jego, a ga yadda ake auna lafiyar magani.

Kamar yadda kowa ya sani, mace in ta haihu a ƙasar Hausa takan yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, a wasu wurare kuma ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta daga ƙasa, sa'an nan a riƙa dama mata kunun kanwa. Dalilin ungozoma da tsofaffi shi ne a kori sanyi daga jikin maijego, nono kuma ya kawo.

A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburin ƙafa da haki da tari, alamun da ke nuna zuciya ta gaza. A 1978 Davidson da Parry suka buga bayanin mata 224 masu wannan ciwo, suka kuma ɗora zargi a kan al'adun jego. Hujjarsu tana da ƙarfi ƙwarai. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru, aikin zuciya ya yi nauyi. Zafin wanka da na gado kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, dole zuciya ta ƙara harbawa. Ga shi dama ba ta gama hutawa daga nauyin ciki ba.

An yi shekaru ana karantar da ɗalibai haka, sai dai bincike bai tsaya nan ba. Aikin da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda aka buga a 2020, bai sami dangantaka tsakanin wankan ko kunun da wannan ciwo ba. Abubuwan da suka fito fili su ne hawan jinin masu ciki, da rama, da rashin ilmin boko, da rashin sana'a. Tun kafin nan ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon a Kano. A ganina wannan bai wanke kanwa sarai ba. Abin da ya nuna shi ne ba ita ce tushen ciwon ba, alhali tana iya tsananta shi ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana.

Kada kuma a ɗauka cewa kwalba da takardar kamfani kariya ce. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan shan My Pikin, maganin fitar haƙori wanda wani sinadari mai kashe ƙoda ya gurɓata. Bambancin dai shi ne an iya bin sawun maganin, hukumar NAFDAC ta janye shi daga kasuwa, aka kai masu shi kotu. Kanwa ba ta da wannan gata. Babu awo, wata ta jefa ɗan gutsure, wata dunƙule guda, in kuma ta yi ɓarna ba wanda zai rubuta.

Inda hatsarin ya fi yawa shi ne inda magungunan biyu suka haɗu a jiki ɗaya ba tare da sanin likita ba. Sau da yawa akan ba maijego mai kumburi ƙwayar da ke sa fitsari don a rage ruwan jikinta, ta koma gida a tarbe ta da ƙwaryar kunun kanwa, ɗaya na fitarwa ɗaya na tarawa. Ita ba za ta faɗa ba, domin ba ta ɗauki kunu a matsayin magani ba, sai fa in likita ya tambaya, ya kuma nemi ganin uwarta ko kakarta, tun da yake su ne masu damawa.