Matsalolin Ƙafa Da Hanyoyin Magance Su

Ƙafar ɗan'adam tana ƙunshe da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, waɗanda jijiyoyi da tsoka suka ɗaure wuri guda domin su ɗauki nauyin jiki, amma duk da wannan aiki ita ce sashen da aka fi yi wa sakaci, ba a waiwayarta sai ta hana mutum fita neman abinci. Yawancin matsalolinta ƙanana ne a farkonsu, kuma abin da ke mayar da su babbar cuta shi ne jinkiri, da maganin da bai dace ba, da kuma wata larura da ke ɓoye a jiki, musamman ciwon sukari.

Kaushi da faso suna da yawa a ƙasar Hausa, musamman a lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke tsotse danshin fata har diddige ya yi kauri ya tsage. Ana magance su ta hanyar jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge matacciyar fata a hankali da dutsen goge kaushi, sannan a shafa man kaɗanya ko basilin a sa safa kafin a kwanta. Yanke kaushi da reza kuskure ne, domin yana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, kuma duk fason da ya soma jini ko ruwa ya wuce aikin gida.

Ruɓewar tsakanin yatsu kuwa da danshi take tafiya, shi ya sa ta fi kama mutane da damina, da masu wuni cikin rufaffen takalmi, da masu aiki a ruwa kamar manoman shinkafa da masu wanki. Abin da ke haddasa ta shi ne fangas, wato ƙwayar cuta dangin wadda ke kawo makero, kuma alamunta su ne ƙaiƙayi da farin fata mai saɓulewa da wari. Maganinta man shafawa ne irin su clotrimazole, wanda ake shafawa sau biyu a rana har kimanin mako huɗu ko da ƙaiƙayin ya lafa tun da wuri, tare da tsane tsakanin yatsu bayan wanka da alwala. Mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid suna kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma suna ƙara wa fangas ƙarfin yaɗuwa.

Shigewar farce cikin nama, wadda ta fi faruwa a babban yatsa, takan biyo bayan matsattsen takalmi ko yanke farce da zurfi ta gefe, don haka ake so a yanke shi a miƙe. Idan wurin ya kumbura ya tara mugunya, likita yakan cire gefen farcen bayan ya yi allurar kashe zafi. Kayan yankan farce da ake amfani da su ga mutane da yawa ba tare da tsabtacewa ba suna iya yaɗa ciwon hanta nau'in B, saboda haka ya fi kyau kowa ya mallaki nasa. Kanta ita ma daga gugar takalmi take samuwa, kuma ba ta rabuwa da mutum sai an canza takalmin. Akwai kuma ciwon diddige mai tsanani a takun farko na safiya, wanda ke fitowa daga wahalar da faffaɗar jijiyar tafin ƙafa ke sha, kuma yakan yi sauƙi cikin watanni idan aka lizimci miƙe jijiyar, da takalmi mai taushin ciki, da rage ƙiba.

Duk waɗannan suna zama abin tsoro idan mai su yana da ciwon sukari, cutar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ita a shekarar 2021. Yawan sukari a jini na tsawon shekaru yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ta yadda mutum zai taka ƙaya ko garwashi bai ji ba, yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, ta yadda rauni ba ya warkewa da wuri. Ta haka ne ɗan faso ko kanta ke rikiɗewa ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su kai ga ƙashi, nama ya mutu ya yi baƙi, har a rasa mafita sai yanke yatsa ko ƙafar gaba ɗaya. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu ciwon sukari daga irin wannan gyambo yake farawa.

Saboda haka likitoci ke umartar mai ciwon sukari da ya duba ƙafarsa kullum, har da tafin da tsakanin yatsu, da madubi ko da taimakon wani na gida. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, kuma ya guji kusantar da ƙafa ga kaskon wuta lokacin sanyi. Haka nan ana so a auna jin ƙafarsa a asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara, da wani siririn zaren roba da ake dannawa a tafin ƙafa. Idan gyambo ya riga ya fito, maganinsa ya haɗa da cire mataccen nama, da wanki da ɗauri a kan kari, da ɗauke nauyi daga wurin, da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan sun shiga, da daidaita sukarin jini, kuma barbaɗa toka ko garin magani a kai yana ƙara dagula lamarin.

Wajibi ne a garzaya asibiti a ranar da aka ga ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ko ta sauya launi, ko ta soma wari, ko kuma an taka ƙusa, wanda ke buƙatar allurar rigakafin tetanus. Duk raunin da ya ƙi warkewa a ƙafa dalili ne na a gwada sukarin jini, domin mutane da dama ta nan suke fara sanin suna da cutar.