Gaskiya ko Jita-jita: Daɓen Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

A Kanada da arewacin Amurka, gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda 'yan'uwanmu mazauna can ke kira besmen. Sanyi ne ya kawo shi. Ƙasa kan daskare da hunturu, don haka dole harsashin gini ya nutsa ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa. A jihar Minesota zurfin inci 42 ne a kudu, 60 a arewa. Tunda an riga an haƙa, sai a mai da ramin falo, ko masaukin baƙi, ko wurin karatun yara.

A irin wannan ɗaki yayana ya sauke ni a jihar Ohayo. Kwana biyu ina jin wani warin ruma, sai na ɗaga gefen kafet. Bayanta ya yi baƙi ƙirin da funfuna, simintin kuma ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Yaya ya riƙe baki ya ce, "Wallahi ƙanena, ko ɗigo ban taɓa gani a ɗakin nan ba." Gaskiya ya faɗa. Ruwan da ke cin daɓe ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa na ga ya dace mu auna abin da mutane ke faɗa.

"Siminti in ya bushe, ruwa ba ya ratsa shi."

Jita-jita, kuma ita ce uwar sauran. Kankare kamar randa yake: yana da ƙananan ƙofofi da laimar ƙasa ke tsattsafowa ta ciki dare da rana. Farin garin nan da na gani gishiri ne da ruwa ya ɗauko ya bari bayan ya bi iska. Kwana 28 da magina ke ambata na yin ƙarfi ne, ba na bushewa ba, wanda kan ci watanni. Gwaji mai sauƙi: yanki leda inci 18 kowane gefe, ka manne ta a ƙasa da salatif, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, akwai laima. Amma in ba ka gani ba, kada ka saki jiki, musamman a lokacin fari. Ƙwararru sukan huda simintin su sa ma'auni a ciki.

"Katako mai tsada zai jure."

Jita-jita. Tsada ba ta hana itace shan ruwa. Katako tsantsa yakan kumbura, gefensa ya ɗaga kamar kwale-kwale, shi ya sa ƙungiyar masu daɓen katako ta Amurka ba ta ba da shawarar sa shi ƙasa da doron ƙasa. Wanda aka harhaɗa falle-falle, kowane falle ya gitta ɗan'uwansa, ya fi haƙuri, matuƙar an yi gwaji an sa shamakin laima. Laminet kuwa cikinsa garin katako ne da aka matse. In ruwa ya shige shi ya kumbura, ba ya komawa.

"Binil ba ya jin ruwa, ka shimfiɗa shi ka huta."

Rabi gaskiya, rabi jita-jita. Allunan binil roba ce, wasu an gauraya ta da garin farar ƙasa, kuma ruwa ba ya ɓata su. Shi ya sa suke cikin zaɓi mafi dacewa. Sai dai allon ya tsira, ɗakin bai tsira ba. Laima takan taru tsakaninsa da siminti, funfuna ta yi gida a ƙurar da ke wurin. Rufe jiƙaƙƙen daɓe da binil kitso ne da ƙwarƙwata. Ana fara shimfiɗa leda mai kauri ko wata roba mai ƙuraje da ke barin iska ta zaga, gwargwadon abin da kamfanin binil ɗin ya tanada.

"Tayil ya fi kowa jure ruwa."

Gaskiya ne. Tayil ɗin tangaran ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Ko ambaliya ta shigo, a kwashe, a wanke, a ci gaba da zama. Illarsa biyu ce: sanyin tafin ƙafa, da kuma tsagewa in simintin da ke ƙasa ya tsage. Akwai shimfiɗar da ake sawa tsakani don kada tsagar ta hau.

"Kafet ba ta da wuri a besmen."

Akwai ƙamshin gaskiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a busar da jiƙaƙƙen abu cikin awa 24 zuwa 48 don kada funfuna ta kama shi, kuma wa zai iya haka da kafet mai soso daga bango zuwa bango? Wanda ke son laushi ya sa darduma a kan tayil, ko kafet 'yar gutsattsari da ake cire wadda ta jiƙe kaɗai.

"Tsohon daɓe a farfasa shi kawai."

A yi hattara. A gidajen da aka gina kafin 1980, ƙananan tayil na roba masu inci 9 kowane gefe, da baƙin gam ɗinsu, sukan ƙunshi asbesto. Ƙurarsa na jawo cutar huhu da ciwon kansa. A kai gwaji kafin a taɓa. Sau da yawa rufe shi ya fi fasa shi aminci.

"Daɓe mai kyau zai toshe iskar radon."

Jita-jita mai haɗari. Radon iska ce marar wari da ke fitowa daga ƙasa, kuma bayan taba ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu a Amurka. Tayil ko binil ba maganinta ba ne. Ana gwaji, in ta yi yawa a sa bututu da fanka su fitar da ita ta saman rufi. A yi haka kafin daɓe, musamman in yara za su kwana a ɗakin.

A gidan yaya, mai laifin yana waje: indararo ne ke zubar da ruwan rufi a gindin bango. Ya ƙara masa tsawo, ya cike ƙasa ta gangara nesa da gida, ya kunna na'urar tsotse laima har laimar ɗakin ta sauka ƙasa da kashi 60. Sai da ledar gwaji ta kwana ta tashi a bushe, sannan ya kira mai tayil. Duk wanda ya taɓa ganin damina ta hau bangon ɗakinsa a Kano ko Zariya ya san darasin. Kafin ka je kanti zaɓen launi, fita waje ana ruwa ka ga inda yake bi.