Me Ya Sa Waya Ba Ta Gane Turancin Bagobiri?

A Sabon Birni da Isa, matasa da dama sun taɓa danna alamar makirufo a Gboard domin su yi magana da Turanci waya ta rubuta, sai ta rubuto wani abu daban. Ɗalibin da ke neman bayani kan JAMB ko mai shagon magani da ke binciken sunan wata ƙwaya sai ya ɗauka Turancinsa ne bai nuna ba, ya haƙura. Alhali matsalar ta fi alaƙa da irin muryoyin da aka horar da manhajar da su.

Kowace ƙasa da yadda take furta Turanci. Mutumin Landan ba ya furta "r" a ƙarshen kalmar "car", mutumin Amurka kuwa yana furta ta, kuma "t" ɗin da ke tsakiyar "water" yakan fito masa kamar "d". A kudancin Najeriya "think" kan koma "tink", a Arewa kuma "sink". Bahaushe yakan cakuɗa "p" da "f" domin sauti ɗaya Hausa ke da shi a wurin, "v" kuma ta zama "b". Bagobiri yana da nasa ƙarin: inda Bakano zai ce "fari", shi "hwari" yake cewa. Ɗan'uwansa na Tibiri ko Maraɗi da ya yi boko da Faransanci, Turancinsa da wani launin yake zuwa.

Manhajar gane murya tana koyo ne daga dubban awanni na maganganun mutane da aka naɗa tare da rubutunsu. Lafazin da ya yi yawa a cikin wannan tarin shi ta fi ganewa. A 2020, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft, suka gano suna kuskuren kusan kashi 35 cikin 100 na kalmomin baƙaƙen fatar Amurka, amma kashi 19 kawai na fararen fata. Idan haka ta faru a cikin Amurka, ina ga mutumin Gatawa?

An ɗan samu ci gaba. A 2017 Google ya saka Turancin Najeriya cikin waɗanda manhajarsa ke saurara, a 2019 kuma ya sa wa Google Maps murya mai lafazin Najeriya. Sai dai Turancin Legas ba shi ne na Sakkwato ba.

Akwai abin da mai waya zai iya yi yanzu. Ya shiga saitin Gboard, sashen harsuna, ya zaɓi Turancin Najeriya maimakon na Amurka da wayoyi da yawa ke zuwa da shi. Ya yi magana a natse, nesa da hayaniyar kasuwa, kuma ya karanta abin da aka rubuta kafin ya tura, musamman sunan magani ko adadin kuɗi, domin "fifteen" da "fifty" na yawan rikita manhaja.

Gyara mai ɗorewa kuwa sai muryoyin yankin sun shiga tarin da ake horarwa da shi. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar kowa kyauta, da Turanci da Hausa, kuma wayar hannu ta isa a naɗa.