Ranar Gasasshen Alade a Amurka da Tambayar da Ɗalibinmu Ya Aiko

 

Wani yaro da ya sauke Alƙur'ani a gabanmu, wanda yanzu yake karatun digiri na biyu a jihar Iowa ta Amurka, ya aiko mana da hoto ta WhatsApp. A cikin hoton akwai faffaɗan faranti, a kansa an girke gasasshen haƙarƙari da aka lanƙwasa ya zama da'ira, ƙasusuwan suna tsaitsaye kamar kambin sarauta, kowane ƙashi da 'yar hular takarda a kansa. Maƙwabcinsa ne, wani dattijo da ya yi shekaru yana kiwo, ya gayyace shi cin abincin dare, domin a kalandarsu 7 ga Maris ita ce ranar wannan gashi. Yaron bai ci ba. Da mai gidan ya tambaye shi dalili, sai ya ba da amsar da ya saba ji a gida, cewa alade yana ɗauke da tsutsa. Dattijon ya yi murmushi, ya ce shekara sittin yana cin naman nan bai taɓa ganin wanda tsutsar ta kama ba. A daren yaron ya rubuto mana: "Malam, kun ce saboda cuta aka hana. To idan babu cutar fa?"

Kafin amsa, ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Mahauci yakan ɗauki jerin haƙarƙarin alade guda biyu tare da tsokar gadon baya, ya kankare naman da ke kan ƙasusuwan, ya ɗaure su da zare su yi zobe. Yawanci ƙasusuwa 12 zuwa 16 ne, kuma kowane baƙo ƙashi ɗaya ko biyu ake yanka masa. Ramin tsakiya ana cika shi da gutsattsarin burodi da albasa da tuffa da ganyayen ƙamshi, sannan a gasa a tanda na tsawon sa'o'i. Abincin alfarma ne, an fi yin sa lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Ita kuwa ranar, sunanta ya fi ta girma. Ba ta cikin ranakun hutu 11 da gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da su, ba a rufe ofis ko makaranta dominta, ba ta kuma da alaƙa da coci. Irin waɗannan ranaku suna rayuwa ne a kundayen kalanda, kamar na Chase's da ake bugawa tun 1957, da shafin National Day Calendar da aka kafa a 2013 a Dakota ta Arewa. Kusan kowane abinci yana da ranarsa, har ma 7 ga Maris ɗin tana raba gado da ranar hatsin karin kumallo. Masu kanti da gidajen abinci ne suka fi kowa murna da su. A Iowa kuwa, inda ɗalibinmu yake, aladu sun haura miliyan 20 alhali mutane ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba, saboda haka wanda ya miƙa maka wannan nama a can yana ganin ya karrama ka ne da mafi kyawun abin da ƙasarsa take fitarwa. Wannan ya isa ya hana mu munana zato ga dattijon.

Laifin da ya jefa yaron cikin ruɗu namu ne, mu masu hawa mumbari. Mun daɗe muna jin daɗin kafa wa haramcin alade hujja da maganar likitoci, domin tana sa masallaci ya ɗauki kabbara. Kuma ba ƙarya muke yi gaba ɗaya ba. Akwai tsutsar da ake kira tirikinela, wadda take shiga tsokar mutum idan ya ci naman da bai dahu ba. Akwai kuma wata doguwar tsutsar ciki ta alade wadda ƙwayayenta suke kaiwa har ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa ta cikin manyan musabbaban farfaɗiya a wuraren da aladu suke yawo sakaka. Sai dai a Amurka lamarin ya sauya. A ƙarshen shekarun 1940 ana samun masu cutar tirikinela kusan 400 a shekara, yanzu kuwa a galibin shekaru ba su kai 20 ba, mafi yawansu ma daga naman farauta suke ɗauka. A 2011 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta rage zafin da take ba da shawarar a dafa yankan alade da shi zuwa digiri 63 a ma'aunin Salshiyas. Dattijon nan gaskiya ya faɗa game da abin da idonsa ya gani.

Hujjar cuta kuma tana da kaifi biyu. Saniya ma tana da tata tsutsar cikin. A Ingila, cutar haukan shanu da ta ɓulla a 1986 ta sa aka hallaka miliyoyin shanu, mutane kuma suka mutu, amma babu malamin da ya ce daga ranar saniya ta koma jinsin haram. An dai guji wadda take da cutar.

Malaman usulu sun bambanta tsakanin illa da hikima. Illa ita ce siffar da aka rataya hukunci a kanta, yana nan idan tana nan, yana gushewa idan ta gushe. Hikima kuwa amfani ne da ake hangowa a bayan hukuncin, wani lokaci a gan shi, wani lokaci ya ɓuya. Misalin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani shi ne ƙasaru: illarta tafiya, hikimarta sauƙaƙa wahala. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama, yana kishingiɗe ana kawo masa shayi, raka'a biyu zai yi duk da bai sha wahalar komai ba. Lebura kuwa da ya wuni yana haƙa rijiya a garinsu, huɗu zai cika. Haka alade yake. Alƙur'ani ya ambaci haramcinsa a wurare huɗu: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Babu inda aka rataya hukuncin a kan cuta ko rashin tsabtar kiwo. An rataya shi ne a kan naman da kansa, a An'am kuma aka siffanta shi da ƙazanta, wadda hukunci ne na shari'a da sabulu ba ya wanke shi. Togaciya guda ce ayoyin suka yi, wato wanda yunwa ta kai shi bakin halaka kuma babu wani abin ci. Zaman kunya a teburin maƙwabci bai kai nan ba.

Abin da muka rubuta wa yaron ke nan: ka ce masa Ubangijina ne ya hana ni, ni kuma na karɓa. Wannan amsa Ba'amurke ya san irinta. Yahudawan ƙasarsa ba sa cin alade saboda abin da ke cikin Littafin Firistoci sura ta 11, haka ma Kiristoci mabiya cocin Adventist da na cocin Orthodox ta Habasha. Wanda ya ce addininsa ne ya hana shi, an fi saurin ƙyale shi fiye da wanda ya ce abincin mai gida yana da tsutsa, wanda a kowace al'ada cin fuska ne.

A nan ma akwai inda muke wuce gona da iri. Wasu daga cikinmu sun ɗauka ko inuwar alade najasa ce. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare da alade, Ibn Abi Zaid kuma ya kawo a Risala cewa an yi rangwame wajen amfani da gashin jikinsa. Abin da aka haramta shi ne cin kowane sashe nasa, nama da kitse da romo, da kuma cinikinsa, kamar yadda hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna a shekarar buɗe Makka. Don haka gaisawa da makiyayin alade, da shiga gidansa, da karɓar kyautarsa ta halal, babu laifi a ciki. Aya ta 8 a suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa ga wanda bai yaƙe mu ba.

Inda ɗalibi zai yi hattara shi ne abin da ba ya kama da alade. Cikon da ke tsakiyar kambin nan burodi ne da tuffa, amma ya sha kitsen da ya narke a kansa, sau da yawa ma da niƙaƙƙen naman alade a ciki, saboda haka hukuncinsu ɗaya. Haka dankalin da aka gasa a ƙarƙashinsa, da romon da aka haɗa da abin da ya tsiyaya. A kanti kuma ba kullum ne za ka ga an rubuta sunan dabbar ƙarara ba. Kalmomin da za ka gani a jikin kwali su ne "ham" da "bacon" da "lard" da "pepperoni", na ukun kitse ne da ake sakawa har a cikin wasu kayan fulawa da wake na gwangwani. Game da tukwane da faranti, hadisin Abu Sa'alaba ya wadatar: idan akwai wasu a yi amfani da su, idan babu a wanke a ci. Wanda yake haya da abokan zama gara ya sayi kaskonsa da katakon yankansa, ya huta da wasiwasi.

Mun kuma ba shi shawarar da muke ba duk mai shirin tafiya: ka sanar da mai gayyata tun ranar da ya gayyace ka, kada ka bari sai an ajiye faranti. Mutanen can sun saba tambayar baƙo abin da ba ya ci. Kuma kambin nan ba da alade kaɗai ake yin sa ba. Littattafan girkinsu sun san na haƙarƙarin ɗan rago, ɗauri iri ɗaya, har da hular takardar. Yaron ya samo yankan halal a wajen wani mahauci Musulmi a birnin da ke kusa da su, ya sa aka ɗaure masa, ya barbaɗe shi da yajin ƙuli da mahaifiyarsa ta cusa masa a jaka, ya gayyaci dattijon da matarsa ranar Asabar. Ya ce mana tsohon ya sha ruwa kofi uku saboda barkono, sannan ya nemi a ƙara masa ƙashi ɗaya.