Kafin a Kai Ɗan Wani Kaso a Kan Bidiyon Minti Ɗaya

Ƙannena na Madawa da Buza da Keita da kuka fara ɗaukar bidiyo kuna sakawa a TikTok da Facebook, ku ajiye wayar tukuna ku saurare ni. Akwai dokar da yawancinku ba ku taɓa jin labarinta ba, kuma tana iya kai mutum kaso a kan abin da ya ɗauka yana dariya.

Tun 2019 Nijar ke da dokar hukunta laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, amma a watan Yunin 2024 Janar Abdurahamane Tiani ya sa hannu aka maido da shi. Yanzu zagin mutum ko ɓata masa suna ta intanet na iya jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam kuwa, shekara 2 ne zuwa 5, ko da abin da aka yaɗa gaskiya ne. "Wallahi da idona na gani" ba za ta fisshe ka a gaban alƙali ba. Ni ina ganin dokar ta yi tsauri, amma ita ke aiki yau, kuma ba ta tambayar ko mutum sabon shiga ne.

Sabon shiga ma shi ya fi kusa da ramin. Ya kwana yana gyara bidiyo, ya ƙone kuɗin forfe, ya biya cajin waya, ya saka, sai ƴan fadarsu kaɗai suka kalla. Ya sake, haka. Daga nan ya lura da abin da ke tashi: faɗa, gawa, tonon asiri, jita-jita. Yankinmu kuwa bai rasa masu rauni da za a ɗauka ba. Ga ƴan gudun hijirar da ƴan bindiga suka koro daga jihar Sakkwato suka fake a wajen Bangi. Ga uwaye riƙe da yara masu tamowa a asibitin Madawa. Matar da ta baro gidanta da dare ba ta zo nan don a haska fuskarta ga duniya a ce "ku danna ku tura" ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ƴan mata. Yarinya tana rawa a bikin ƙawarta, cikin mata, hankalinta kwance. Wani ya ɗauka, ya ɗora waƙa, ya saki. Kafin gari ya waye yayanta da ke biɗa a Abijan ya gani, dangin saurayin da ya kawo kaya sun gani. Mai bidiyon ya sami ƴan mabiya, ita kuma aurenta ya shiga rawa, iyaye biyu sun daina gaisawa. A garuruwanmu kowa ya san ɗiyar wane, ba a ɓata cikin taro kamar a Legas.

Sai kuma maganar tsaro. Kada ka ɗauki motocin soja a kan babbar hanyar Konni zuwa Maraɗi. Kada ka tura tsohon bidiyon wani wuri ka rubuta cewa ƙauye kaza ne aka shiga. Kasuwa na watsewa a kan irin wannan, mutane na kwana a daji. Barkwanci da manya ma ba shi da tabbas: a Kano, a Nuwamban 2022, kotu ta yanke wa matasa biyu na TikTok bulala 20 kowanne da tara da sharar kotu, saboda ɓata sunan Gwamna Ganduje.

Kuɗin da ake wa wannan kasada fa? Shirin da TikTok ke biyan masu bidiyo bisa yawan kallo bai haɗa da Nijar ba. YouTube kuma ba ya raba kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai mutum ya tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Nan ƴan damfara ke shigowa, su ce za su sayar maka da "shafin Faransa" mai biya, ka tura kuɗi, lamba ta daina shiga. Kada ka sayar da akuyar innarka ko ribar albasar bana don sayen babbar waya a kan wannan alkawari.

Ban ce ku bari ba. Ku ɗauki noman albasa a kwarin Tarka, daga reno har rudu, da farashin buhu ranar kasuwa. Ku ɗauki layukan bedi na kwarin Majiya da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, da duwatsun da matan Keita suka jera tun 1984 har ƙasar da ta mutu ta sake ba da hatsi. Mutanenmu da ke Libiya da Kodibuwa na da ƙishin ganin gida, kuma ɗan kasuwar garinku zai fi saurin biyan talla ga wanda mutane suka yarda da shi. Duk wanda za ka ɗauka, ka tambaye shi. In yaro ne, ka tambayi uwarsa.

Iyaye, ku ce yaranku su nuna muku shafinsu yau da dare. Wanda kuma ya riga ya saka bidiyon ɗiyar wani, ko na marar lafiya, ko na jami'an tsaro, ya goge shi yanzu, ya kira duk waɗanda ya tura wa ta WhatsApp su ma su goge, kafin ya isa hannun jandarma.